Rijiyar Kande

Yau kwana uku ke nan rana ba ta leƙo ba. Marka ta kankama, kwanon ɗakina sai ƙara yake, gwiwoyina kuwa sun riga kowa jin labari. Jiya da hantsi jikana Lawal ya shigo a jiƙe, wai sallama ya zo yi mini. An yi masa canjin wurin aiki zuwa Kaduna, zai kwashi matarsa da 'ya'yansa biyu, har gida ya kama. Na tambaye shi yaushe ya ga gidan, ya ce tun cikin bazara.

"To angona, ka koma ka sake ganinsa yanzu, cikin ruwan nan," na ce masa. "Ka tafi da fartanya ka sari tsakar gidan. In ka ga ƙasar baƙa ce, in ka ga ɓawon katantanwa a ciki, ko kyauta aka ba ka kada ka kai 'ya'yan mutane."

"Kaka ke nan! Gidan siminti ne fa, har da famfo."

"Na ji. Ka dai je."

Ya yi mini alkawari, ya fita yana dariya. Ni kuwa ya bar ni da markar farko da na yi a Tudun Wada, wadda na fi shekara hamsin ina kauce wa tuna ta.

Mu mutanen ƙasar Daura ne, can inda rairayi ke shanye ruwan sama kafin ka ɗauko ƙwarya. Rijiyar ƙauyenmu ta fi gaba ashirin, in ka jefa guga sai ka gaji da jira kafin ka ji ya taɓa ruwa. A wurinmu wanda ya sami ruwa kusa ya gama samun duniya. Iyakar sanin ƙasa da muka zo da shi ke nan, ba mu taɓa jin an ce ruwa ya yi wa wani yawa ba.

Damina ta ƙi mana shekara biyu a jere. Sai labari ya zo cewa jirgin ƙasa ya iso Zariya, ana neman 'yan dako a tasha, kuma mai sana'a ba ya kwana da yunwa. Muka taso gida biyu bayan kaka: ni da Malam, maigidana, wanda ɗinkin hula ne sana'arsa, da ƙanwata Kande da mijinta Tanko, da 'yarsu Asabe a goye. Ni a lokacin shekarata biyar da aure, ko ɓatan wata ban taɓa yi ba. Kande kuwa ga ɗaya a baya, kuma ba mu daɗe da sauka ba wani cikin ya shiga.

Cikin birni ba a ba baƙi wuri. Aka ce mu zauna bayan ganuwa, a sabuwar unguwar da ake yankawa. Tudun Wada da ake gani yanzu cike da kantuna da kekuna da ma'aikata masu farar riga, a lokacin 'yan bukkoki ne jefi-jefi tsakanin ɗorawa da kalgo, da mai unguwa yana yawo da igiyar awo.

Ranar rabon fili Malam ne babba, shi ya kamata ya fara zaɓa. Amma Malam mutum ne da in ka taka shi, shi zai ba ka haƙuri. Tanko kuwa idonsa a buɗe yake. Ya hango wani gangare can inda ƙasa ta sunkuya ta nufi kogin Kubanni, ciyawa kore shar a tsakiyar rani, bai jira kowa ba ya ruga ya kafa turkensa. Da aka juyo kan Malam, sai ya ce ai duk ƙasar Allah ce. Aka auna masa kan tudu, inda babu komai sai marmara da tsakuwa da ƙadangaru. Da ya dawo ya gaya mini, tuwon ranar da gudaji ya ci shi.

Aka shiga gini. Gayya ake yi, yau gidan wannan gobe gidan wancan, maza suna kwaɓa ƙasa suna yin tubali, mu mata muna dama musu kunu. Ƙasar wajensu Tanko laushi gare ta, fartanya kawai ake sa mata, saboda haka duk unguwa can take zuwa ɗiba. Kafin a gama gine-ginen shekarar an bar ramuka huɗu ko biyar kewaye da gidansu, ba wanda ya waiwaye su. Gidan Kande ya riga namu tashi da wata guda, har da ɗan zaure. Mu ɗaki ɗaya muka samu, da wata bukka a gefe da Malam ke ajiye zare da kayan ɗinkinsa.

Sai maganar rijiya. Mai haƙa ya shiga gidan Kande da safe, washegari kafin azahar ya fito da laka a ƙafa. Gaba uku! Tanko ya yi ta zagaya unguwa yana faɗa kamar an yi masa haihuwa. A namu gidan mutumin ya yi kwana goma sha biyu yana fama da dutse, ya kai gaba tara, ƙasa ta ɗan yi damshi, ya fito ya kaɗe jikinsa ya ce mu jira damina.

Wanda bai zauna wancan zamanin ba ba zai gane abin da rijiya a cikin gida take nufi ga mace ba. Mai rijiya a gida ita ce matar kulle, ba ta fita, rana ba ta dukanta, ana ce mata matar gida. Wadda ba ta da ita kuwa sai gammo da tulu, kowa ya gan ta a hanya. Tanko, ɗan dakon tasha, ya sa matarsa a kulle. Ni matar Malam, ni ce babba, ni na goyi Kande har bayana ya yi kanta, ni ce kullum sau uku nake gangarawa gidanta da tulu.

Bazarar shekarar ta yi zafi irin wanda ban saba da shi ba. Namu na arewa busasshe ne, na Zariya kuwa sai ya lulluɓe ka, gumi ya hana zane bushewa a jiki. Tsakuwar gidanmu takan yi zafi har kaji su riƙa ɗaga ƙafa. In na gangaro na shiga gidan Kande sai sanyi ya tare ni tun daga zaure. Ta shuka rama da kuɓewa da yakuwa a bakin rijiya, kabewa ta hau danga. Wanki take yi kullum don ta samu, har da wanke turmi. Ni da nake auna wa Malam ruwan alwala a ludayi!

Da ta yi mini gori, da na ji sauƙi, sai mu yi faɗa a wuce wurin. Amma Kande ba ta iya gori ba.

"Yaya, ki sauke tulun ki huta mana. Ga kuɓewa na tsinko miki ɗanya."

"Bar abarki, Malam ba ya son miyar yauƙi."

Ƙarya nake yi, Malam har kwanon yake suɗewa. Na fi son in hau tudu in kaɗa busasshiyar kuka da in karɓi wani abu kuma daga hannunta bayan ruwa. Ƙyashi ne, ba sai na sa masa wani suna ba. Ina son Kande, wanda ya taɓa ta ya taɓa ni, amma duk sanda na ji ƙarar guganta yana faɗawa ruwa nan kusa, sai abin ya taso mini.

Akwai wata tsohuwa Bazazzagiya da ke fitowa daga birni tana tallan daddawa, kowa Iya yake ce mata. Wata rana da la'asar ina hawowa da tulu na same ta zaune a gindin ɗorawa tana hutawa. Muka gaisa, ta roƙi ruwa na tsiyaya mata.

"'Yar nan, daga gidan can na gangare kike ɗebowa?"

"E, Iya. Gidan ƙanwata ne."

"Ciki ɗaya?"

"Uwa ɗaya uba ɗaya."

Sai ta miƙe ta ce in sauke tulun in biyo ta. Ta kai ni bakin ɗaya daga cikin ramukan da aka ɗebi ƙasa, ta sa sandarta ta ƙwaƙulo gefen ramin. Ƙasar baƙa ce wuluk, cike da farin ɓawon katantanwa.

"Kin ga wannan? Katantanwa ba ta zama a tudu. Nan gonar shinkafar mai gidana ce, Allah ya jiƙansa, kafin a zo da igiya a karɓe. Shekara talatin ina yankan shinkafa a nan, ruwa iya gwiwa. In marka ta zo, duk ruwan tudun nan a nan yake kwana, ya yi wata biyu bai tashi ba. Ga shi kuma kun haƙa masa ramuka. Sauro zai hana su buɗe baki, masassara kuwa ba ta barin mai ciki da ƙaramin yaro a irin wannan wuri. An ce mini yarinyar ciki gare ta?"

"Wata huɗu."

"To kada ta yi marka a nan. Ki ɗauke ta ki kai tudu, mijin ya zauna ya yi gadin bangonsa in yana so."

"Iya, me ya hana ki gaya musu da kanki?"

"Ni? In na faɗa cewa za a yi baƙin ciki nake don an karɓe mana gona. Ke ce babba, ke za su ji. Na sauke nauyi, na ɗora miki."

Na koma na ɗauki tuluna. Zan faɗi gaskiya tunda na tsufa: abin da na fara ji a hanyar nan ba tsoro ba ne, daɗi ne. Tulun nan har sauƙi ya yi mini. Ashe dai Malam bai yi wauta ba, ashe tsakuwata ta fi ramarta. Na isa gida da niyyar gobe in gaya mata, goben ta zo na ce sai jibi.

Ban taɓa nufin wani abu ya sami Kande ba, Allah shi ne shaidata. Abu ɗaya nake so. Ina so sau ɗaya tak in ga ta hawo tudun nan da tabarma a ka, ta tsaya a ƙofata ta ce, Yaya ki ba ni wuri. Na ce a raina in ruwa ya shigo musu ai da ƙafarta za ta zo, in share mata bukkar Malam, shi ke nan mun yi kunnen doki. Amma in na gaya mata tun yanzu, Tanko zai ɗaga daɓe ya haƙa magudana, ya ci gaba da cika baki. Ko Malam ban gaya wa ba, don na san a ranar zai gangara.

Ruwan farko ya sauka da iska, ƙamshin ƙasa ya tashi, yara suka yi ta kamun shinge. Malam ya shuka dawa da 'yar gyaɗa a bayan gida, muna tsince tsakuwa da hannu. Masarar Kande kuwa kafin tamu dawar ta kai gwiwa har ta yi goyo. Hatsin da muka zo da shi ya ja baya sosai. Na koma auna rabin abin da na saba, ina cika ciki da kwaɗon tafasa, da rana Malam ya sha ruwan kanwa da ɗan gari a ciki ya koma kan allurarsa.

Maganar Iya ba ta bar ni na sake ba, musamman wajen yarinyar. Sai na samo dabara. Asabe ta isa yaye, ga uwarta da ciki, kuma a al'ada kaka ko yayar uwa ake kai wa. Kaka tana Daura, saboda haka ni ce. Na gangara na ce na zo ɗaukar 'yata. Na ce a raina in na ɗauke yarinya na biya rabin nauyin da aka ɗora mini.

Kande tana haɗa mata 'yan tsummokaranta ta ce, "Yaya, ƙasan ɗakin nan ya fara sanyi. Da safe sai in ga tabarma ta yi damshi, har tsutsar tana nake sharewa."

Wallahi na buɗe baki. Maganar ta zo har kan harshena. Sai ga Tanko ya shigo da gasasshiyar masara biyu a hannu, ya miƙo mini ɗaya yana washe haƙora.

"Yaya, ga ta farko, ku ɗanɗana ta masu ruwa. Wai yaushe rijiyarku za ta haihu ne? Ko ita ma sai an nema mata taimako?"

Wasa yake yi, irin na mijin ƙanwa, ban jin ya lura da inda maganar ta sauka. Kande ta ce, "Kai, Tanko!" Ni kuwa na yi dariyar yaƙe, na karɓi masarar, na goya Asabe.

"Ki ƙara shimfiɗa buhu a ƙarƙashin tabarmar," na ce wa Kande, na fita.

Marka ta zo. A ƙasarmu ruwa yakan zuba ne ya wuce, rana ta fito. Wannan kuwa sai ya yini yana tsiyaya, ya kwana, ya sake yini, sama ta yi toka-toka ba tsawa ba iska. Itace ya jiƙe, hura wuta ya zama aiki, gishiri ya narke a ƙoƙo, fatar sallar Malam ta yi fumfuna. Amma tudunmu ko a jikinsa. Ruwa ya sauka ya bi ta tsakuwa ya gangara, bayan sa'a guda ka taka ba laka. Rijiyarmu ta kawo ruwa garau, mai sanyi. Ranar da na fara jefa guga a cikin gidana har guɗa na yi ni kaɗai. Na kife tulun, na daina gangarawa.

Daga bakin dangarmu ana hango gidansu. Na ga ramukan nan sun cika, sun haɗe da juna, sun zama kududdufi ɗaya ya kewaye gidan. Na ga masarar ta yi rawaya ta kwanta. Da yamma kukan kwaɗin wurin har tudu yake zuwa. Kullum da safe ina ba Asabe kunu ina duban hanya, ina cewa yau za ta hawo. Kwana tara na yi ina wannan jira. Ban yi tunanin cewa matar kulle ba ta fita sai an zo an ɗauke ta ba, kuma Kande ba za ta so ta ɗora wa Yaya nauyi cikin yunwa ba.

Ran na goma Tanko ne ya hawo, wando a naɗe, fuskarsa duk cizon sauro, babu wasa a bakinsa.

"Yaya, ki zo. Kwananta huɗu da masassara, yau kuma ta ce mararta."

Na bar Asabe wurin Malam na bi shi. Ruwa iya ƙauri tun daga zaure, mai ɗumi, yana wari, don masai ya cika ya haɗu da shi. Bakin rijiyar nan da ta hana ni barci ya nutse, sai da Tanko ya ce in yi hankali kada in faɗa. A ɗaki an jera tubali an ɗora ƙyaure, Kande tana kai tana karkarwa, idanunta sun yi ɗorawa, leɓɓanta sun bushe. Bango ya jiƙe har iya ƙugu. In ka ɗaga zane sauro ya tashi kamar hayaƙi.

"Yaya, kin zo? Na ce kada ya taso ki cikin ruwan nan."

Kafin la'asar ta haihu a hannuna, wata bakwai. Namiji ne, ɗan mitsitsi, kukansa kamar na mage. Na naɗe shi a zanena na sa shi a ƙirji don ɗumi, don babu busasshen tsumma ko ɗaya a gidan. Ya yi kwana biyu. Bai kai suna ba. Da za a binne shi sai da aka hawo bayan gidanmu, don a can ƙasa duk inda aka sara ruwa ne ke fitowa.

Washegari bangon bayan ɗakinsu ya zauna. Da hantsi ina tsaye a ƙofa na hango su suna hawowa cikin yayyafi, Tanko da tukwane a gaba, Kande a baya tana takawa da ƙyar, da tabarma a ka. Ta iso ta tsaya.

"Yaya, sai ki yi haƙuri da mu."

Abin da na yi wata uku ina jira ke nan. Na karɓi tabarmar, na kasa duban fuskarta.

Mata suka yi ta zuwa gaisuwa, kowace sai ta ce Allah ne ya sa na ɗauke Asabe da wuri, wai yaya ai uwa ce. Ina amsawa da amin. Iya ma ta zo ran na uku, ta shiga bukka wurin Kande ta daɗe. Da ta fito ta dube ni, ta ɗauki ƙwaryar daddawarta ta tafi.

Ko babu jariri sai an yi wa mai haihuwa wankan jego, kuma ni ce mai yi. Malam ya fasa tsohon turmi don a sami busasshen itace. Washegari da sassafe na tafasa ruwa, na kai bayan bukka, na tsoma ganyen tsamiya ina fyaɗa mata. Tururi ya rufe mu. Ta rame, har ƙashin wuyanta ya fito.

"Yaya."

"Na'am."

"Kin san abin da tsohuwar nan ta ce mini jiya? Wai tun bazara ta gaya miki wurin nan gonar shinkafa ne. Wai har rami ta kai ki ta nuna miki, ta ce ki ɗauke ni." Ta juyo tana dubana. "Na ce mata ta ji tsoron Allah. Na ce Yayata ba za ta ji wannan ta yi shiru ba."

Ganyen yana hannuna, ruwa yana ɗiga a ƙafata, ban ji zafinsa ba. Tana jira.

"Tsufa ne, Kande," na ce. "Ta ruɗe."

"Ai na sani."

Ta sauke ajiyar zuciya ta juya mini baya, na ci gaba da wankan. Ta rasa gida, ta rasa ɗa, amma zuciyarta wasai take, bayan wankan ta sha kunun kanwa ta yi barci har azahar. Na zauna a bakin ƙofa ina kallonta, kuma ko a wannan ranar sai da na yi ƙyashinta.

Bayan damina Malam ya yanka wa Tanko rabin filinmu suka yi gini. Ni daga baya Allah ya ba ni 'ya'ya huɗu, Kande ba ta sake haihuwa ba. Mun ƙara shekara arba'in katanga ɗaya ce tsakaninmu, rijiya ɗaya muke sha, ban taɓa gaya mata ba. Iya ta ci gaba da zagayowa da tallanta shekara shida ko bakwai, takan tsaya a ƙofarmu ta yi sallama. Kande, wadda ko kaza ba ta iya kora da ƙarfi, ba ta ƙara amsa mata ba har tsohuwar ta rasu.